Borin Jini da Asma: Dalilin da Ya Sa Dole Likita Ya Riƙa Komawa Aji

Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, ma'aikatan ɗakin taimakon gaggawa sun san abin da ke tafe. Bayan sallar isha'i benci zai cika. Ga dattijo ya dafa gwiwa yana numfashi sama-sama, ƙirjinsa na fito. Ga 'yar makaranta idanunta sun kaɗa sun yi jajir saboda susa. Can sai ga uwa ta shigo a guje da ɗanta a kafaɗa, leɓɓansa sun kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, muryarsa ta dushe. Wani magani aka sayo masa a kemis, ko rabin sa'a bai yi da sha ba.

"Likita, borin jini ne, dama yakan yi masa," in ji uwar. "Don Allah a taimaka a yi masa allurar nan."

Allurar da take nufi ita ce haidrokotizon, wadda aka saba haɗawa da Piriton. An daɗe ana yin haka a asibitocinmu. Amma matsayar ƙungiyoyin ƙwararru na duniya ita ce, idan bori ya taɓa numfashi ko ya sa jini ya faɗi, abin da za a fara yi shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya, nan take, a maimaita bayan minti biyar in ba a ga sauƙi ba. Sauran magungunan ba sa buɗe maƙogwaron da ke rufewa a kan lokaci.

Kwalbar da ma'aikacin zai fara ɗaukowa a wannan dare ta danganta da abu biyu: yaushe rabon da a sabunta masa karatu, kuma yana da wanda zai kira ya tambaya ko babu.

Abin da aka koya jiya, yau an rushe shi

Fannin borin jini da garkuwar jiki yaro ne a cikin fannonin likitanci. Sinadarin IgE, wanda ke tayar da mafi yawan irin wannan bori, sai a tsakanin 1966 da 1967 aka gano shi. Wasu mata da miji 'yan Japan da ke aiki a Amurka, Kimishige da Teruko Ishizaka, su ne suka gano shi, a daidai lokacin da wasu masu bincike a Suwidin su ma suka ci karo da shi. Tun daga nan fannin bai zauna wuri ɗaya ba.

Batun gyaɗa ya isa misali. A shekarar 2000, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyayen yaran da ake fargabar sun gaji borin jini da su hana su gyaɗa sai sun kai shekara uku. Daga baya Farfesa Gideon Lack na Landan da abokan aikinsa suka lura cewa borin gyaɗa ya ninka kusan sau goma a tsakanin yaran Yahudawan Birtaniya a kan na Isra'ila, inda ake ba jarirai wani abin ci na gyaɗa tun ba su cika shekara ba.

Binciken da ya biyo baya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa fara ba yaro gyaɗa da wuri na rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin ɗari. A 2017 Amurka ta juya shawararta baki ɗaya. Ashe uwar da ke dama wa ɗanta kunun gyaɗa lokacin da ya fara cin abinci ta fi tsohon littafin likita kusa da gaskiya. Sharaɗi dai shi ne a niƙa ta, don ƙwayarta na iya shaƙe jariri, kuma yaron da ke da mummunan ciwon fata mai ƙaiƙayi a fara kai shi wurin likita.

Haka lamarin yake a ɓangaren asma. Shekaru masu yawa, shuɗin inhela na Ventolin kaɗai ake ba mai ƙaramar asma, a ce ya shaƙa in ta taso. A 2019 kwamitin GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ya daina amincewa da hakan ga manya da matasa. Shuɗin inhela na buɗe hanyar iska na ɗan lokaci, amma kumburin da ke cikin huhu yana nan, kuma shi ne ke kisa. Yanzu ana so kowane mai asma ya sami inhela mai ɗauke da sitiroyid.

Ga kuma fenisilin. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da tambarin cewa jikinsa ba ya son maganin. Da aka gwada su, kusan tara cikin goma sun sha lafiya lau. Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin yana tilasta a koma ga magunguna masu tsada waɗanda ke ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Likitan da ya gama makaranta a 2010 bai sake buɗe wannan babi ba, yana iya yin kuskure a duk waɗannan wurare alhali zuciyarsa ɗaya.

Majinyata jingim, ƙwararru ƙalilan

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 260 ne ke da asma, kuma ta yi ajalin sama da 450,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wani bincike da aka buga a 2024 ya duba ɗalibai kusan 27,000 a birane shida na Afirka, ciki har da Legas da Kumasi. Daga cikin waɗanda aka samu da alamun asma, kusan takwas cikin goma babu likitan da ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu.

A Amurka, wanda zai zama ƙwararre a fannin sai ya gama horon likitan manya ko na yara, sannan ya ƙara shekara biyu, kuma akwai hukumar da ke yi musu jarrabawa, wadda aka kafa a 1971. A mafi yawan asibitocinmu kuwa, rarraba majinyacin ake yi. Hancinsa na sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ƙirjinsa na wurin likitan huhu, fatarsa na wani sashe, idonsa na wani. Kati huɗu, layi huɗu, alhali tushen ciwon ɗaya ne.

Ga kuma ƙaurar likitoci. A 2024 Ministan Lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma ba su wuce 55,000 ba. A irin wannan hali, yaron da ke Gumel ko Tasawa ba ƙwararre zai fara gani ba. Ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti zai gani, ko nas, ko mai kemis. Saboda haka idan ana maganar ƙaro ilimi a wannan fanni, su ma suna ciki dumu-dumu.

Abin da rashin sani ke jawowa

Akwai wani ƙaiƙayin ido da ke addabar yara a ƙasashe masu zafi da ƙura, musamman maza, har farin idon ya rine ya koma ruwan ƙasa. Iyaye kan sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid. Yana aiki nan da nan, shi ya sa ake ta maimaitawa wata da watanni ba tare da an auna idon ba. Ƙarshenta yana iya jawo yanar ido ko hawan jinin ido, wanda ke makantarwa.

Mai asma da ba a koya masa shaƙar inhela ba, ko wanda aka tsorata cewa in ya fara ba zai iya dainawa ba, yakan koma ga ƙwayoyin firedinisolon da deksa. Kumatu su cika, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Da ma'aikacin lafiya ya ɗauki minti biyar ya nuna masa yadda ake girgiza inhela, a fitar da numfashi, a shaƙa a hankali, a riƙe na daƙiƙa goma, da an kauce wa yawancin wannan wahala.

Ɓangaren da ya fi ɓuya shi ne raunin garkuwar jiki na gado. A 1952 Ogden Bruton ya bayyana yaron farko da aka gano jikinsa ba ya ƙera sinadaran yaƙi da cuta. A yau an san irin waɗannan cututtuka sama da 500. Da yawansu sai yaro ya gaji matsalar ta wajen uwa da uba duka, shi ya sa suka fi bayyana a inda auren zumunci ya yawaita.

Irin wannan yaro kullum yana asibiti. Yau ciwon kunne, gobe nimoniya, jibi gudawa, ga shi ba ya girma. A gwada ƙanjamau a ga babu, a ba shi maganin tarin fuka, a ce tamowa ce. Wata uwar ta binne biyu ko uku a haka, dangi suna ta kawo fassara iri-iri. Gidauniyar Jeffrey Modell, wadda wasu iyaye suka kafa a Amurka a 1987 bayan rasuwar ɗansu, ta tsara alamomin gargaɗi guda goma da suka shiga takarda ɗaya. Daga ciki akwai ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara, nimoniya sau biyu a shekara, da tarihin irin ciwon a dangi. Wanda bai taɓa ganin takardar ba, da wuya tunaninsa ya je can.

Inda ake ƙara wa juna sani

Manyan ƙungiyoyin fannin sun daɗe. Ta Amurka, AAAAI, an kafa ta a 1943. Ta duniya, WAO, ta samo asali a 1951, ta Turai kuma, EAACI, a 1956. Suna shirya taruka, suna fitar da ƙa'idoji, kuma mujallar WAO kyauta ake karanta ta a intanet. Shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 na buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu, kyauta ko a farashi mai rahusa.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Ƙungiyarta, ALLSA, na da mujallarta, kuma akwai difloma da likita na gama-gari zai iya yi ba tare da ya bar aikinsa na shekaru ba. Asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun, tare da jami'ar birnin, na karɓar likitocin yara daga sauran ƙasashen Afirka su ƙware su koma gida.

A ɓangaren raunin garkuwar jiki, an kafa ƙungiyar ASID a Kasabalanka ta Maroko a 2008, kuma Farfesa Aziz Bousfiha na cikin jagororinta na farko. Maimakon ta jira likitoci su zo, ƙungiyar kan tura malamai ƙasa-ƙasa su yi gajeriyar bita. Tana aiki da Faransanci da Ingilishi, abin da ke ba likitan Damagaram da na Kano damar zama a inuwa ɗaya.

A Najeriya, hukumar MDCN mai kula da likitoci ta wajabta tara maki 20 na ƙaro ilimi kafin a sabunta lasisi kowace shekara. Tsarin yana nan. Abin tambaya shi ne me ake koyarwa a ciki, kuma wa ke zuwa.

Matambayi ba ya ɓata

Lacca kaɗai ba ta isa, domin majinyaci ba ya zuwa yadda aka rubuta a littafi. A nan ne zumuncin sana'a ke shigowa.

A 2003 wani likitan hanta a jihar New Mexico ta Amurka, Sanjeev Arora, ya ga majinyata na jiran watanni kafin su gan shi. Sai ya fara haɗa likitocin karkara ta bidiyo duk mako. Kowa ya kawo matsalar majinyacinsa ba tare da ambaton suna ba, a tattauna, a yanke shawara, a rufe da gajeren darasi. A 2011 bincike ya nuna cewa waɗanda aka yi wa magani a karkara sun warke daidai da na asibitin jami'a. Tsarin, mai suna ECHO, ya bazu a duniya, har da ƙasashen Afirka. Babu abin da zai hana asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri su yi irinsa a kan asma da borin jini.

Labarin borin jan nama ma ya nuna amfanin likitoci su riƙa jin juna. A Ostireliya, Dakta Sheryl van Nunen ta lura cewa majinyatanta da nama ke tayar wa bori kusan duk kaska ta taɓa cizonsu. A Amurka kuma, ayarin Farfesa Thomas Platts-Mills na binciken abin da ya sa wani maganin kansa ke tayar da bori a jihohin kudu maso gabas fiye da ko'ina. Da aka haɗa bayanan biyu sai gaskiya ta fito: cizon kaska ne ke sa jiki ya tsani wani sukari da ke cikin naman dabbobi. Borin kan taso sa'a uku zuwa shida bayan cin naman, shi ya sa ba a zarginsa. Daga baya masu bincike na Kef Tawun suka sami mutane da dama masu wannan matsala a ƙauyukan Gabashin Kef. A ƙasar makiyaya irin tamu, inda kaska ba baƙuwa ba ce, ya kamata likita ya san da wannan tambaya.

A aikace, yawancin tuntuɓar juna a yau a zaurukan WhatsApp ake yin ta. Likita ya ɗauki hoton ƙurji ya tura, cikin minti goma malaminsa na da ya amsa. Amfanin a bayyane yake. Sai dai hoton majinyaci amana ce: a nemi izininsa, a ɓoye fuska da suna, kuma zaure ya kasance da babba mai tace magana, don kada kuskuren mutum ɗaya ya zama darasin mutum ɗari.

Ilimin waje kaɗai ba ya wadatarwa

Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Gana, aka buga a 2013, ya nuna haɗarin kwafo ilimi ido rufe. Gwajin jini ya nuna kusan yaro ɗaya cikin shida na da IgE na gyaɗa. Amma waɗanda gyaɗar ke yi wa wani abu in sun ci ba su kai biyu cikin ɗari ba. Masu binciken sun danganta hakan da tsargiya: sinadaran da jiki ke ƙerawa don yaƙar tsutsar su ne ke ruɗa gwajin.

Likitan da ya karanta wannan sakamako da idon Landan zai hana yaro ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa a banza, a gidan da gyaɗa ce abin gina jiki mafi araha. Su ma kayan gwajin fata da ake shigowa da su, akasari an haɗa su ne bisa itatuwa da ciyayin Turai. Bayani a kan furannin da iskar Sahel ke ɗauke da su, da ƙurar masussuka, da hayaƙin itacen girki, sai likitocinmu sun haɗa kai sun tattara shi da kansu. Asibiti ɗaya ba zai iya ba.

Inda ra'ayi ya rabu

Wasu masu tsara harkar lafiya na ganin cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa suka yi wa katutu ba ta da rarar kuɗin kashewa a kan atishawa da ƙaiƙayi. Masu kare fannin kuma na cewa asma na kisa, kuma abin da ake nema ba shi da tsada: kwalbar adirenalin, inhela, da ma'aikacin da ya san yadda ake amfani da su.

Matasan likitoci na kukan cewa manyan tarukan a Turai da Amurka ake yin su. Ga kuɗin jirgi da masauki da rajista, ga faɗuwar naira, ga wahalar biza. Tun lokacin korona an buɗe ƙofar halarta ta intanet, amma gwajin fata da gwajin ba da abinci a gaban likita ba a koyonsu ta waya. Sai an tsaya kusa da wanda ya iya.

Akwai kuma masu cewa tara maki ya zama al'ada kawai: a sa hannu a rajista, a ci abinci, a karɓi takardar shaida. Gyaran wannan na hannun masu shirya bita. Darasin da aka gina kan majinyaci na gaske, aka sa kowa ya riƙe sirinji ya gwada, shi ne ke bin mutum har bakin aiki.

Batu mafi sarƙaƙiya shi ne kuɗin kamfanoni. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta nuna cewa rubuta madarar gwangwani ta musamman ga jariran da aka ce madarar shanu na tayar musu da bori ya ninka kusan sau shida a Birtaniya cikin shekara goma, ba tare da shaidar cewa ciwon ya ƙaru haka ba. An nuna damuwa kan yadda kamfanonin madara ke ɗaukar nauyin bita da rubuta ƙa'idoji. A 2019 kwalejin likitocin yara ta ƙasar ta daina karɓar kuɗinsu. A wurinmu, inda shayar da nonon uwa ke ceton rayuka, dole duk mai gabatar da lacca ya faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa.

Abin da ya rage a yi

Kwalejojin horar da ƙwararru na Najeriya da na Afirka ta Yamma su ba fannin gurbin da ya dace, har da gajeren kwas ga likitoci na gama-gari. Gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin likita ɗaya ko biyu su je su ƙware, bisa yarjejeniyar za su dawo su koyar. Kowane asibitin koyarwa ya ware rana ɗaya a wata ya haɗu da asibitocin da ke kewaye da shi ta bidiyo, a gayyato nas-nas, masu haɗa magunguna da ma'aikatan lafiya na karkara. Ranar Asma ta Duniya, Talatar farko ta watan Mayu, da makon raunin garkuwar jiki na ƙarshen Afrilu, su zama lokutan bita ta gaske. A kuma fassara takardun wayar da kai zuwa Hausa, a kai su gidajen rediyo.

Shugabannin asibitoci su tabbatar akwai adirenalin a duk ɗakin da ake yin allura, kuma kowane ma'aikaci ya san adadin da ake ba babba da na yaro.

Kai kuma mai karatu, in kana da asma, ka ɗauki inhelarka ka je da ita asibiti, ka roƙi a duba yadda kake shaƙa. In an taɓa ce maka jikinka ba ya son wani magani, ka nemi a bincika a tabbatar, kada ka gwada da kanka. In kuwa yaronka ba ya rabuwa da ciwo, ka gaya wa likita tarihin gidanku duka, har da yaran da suka rasu suna ƙanana.